Ganuwa, igwa da bashi: Wa ya biya kuɗin ƙarfin daular Damagaram?

Mutumin da ya taso daga Zermu, a gundumar Mirya, ya shigo Zinder ranar hawan Sallah, ba ya bukatar a nuna masa hanyar fada. Ƙarar kakaki da algaita ce za ta ja shi har unguwar Birni, inda dogarai ke tsaye cikin jajayen riguna, dawakai sun sha ado, mahaya na sukuwa suna jinjina a ƙofar Sultan. Kafin la'asar bidiyon hawan ya riga ya shiga wayoyin 'yan Damagaram da ke ci-rani a Agadas, Tamanrasset, Sabha, Kano da Legas, kowa na tura wa ɗan'uwansa yana cewa ga gida.

Wannan alfahari yana da dalili. A ƙarni na 19 Damagaram ta tashi daga ƙaramar sarauta mai kai gaisuwa Borno, ta zama daular da Kano kanta ke kwana da shirinta. Ta gina ganuwa, ta tara bindigogi, maƙeranta suka ƙera igwa a cikin gari, abin da masarautu ƙalilan ne suka iya a wannan yanki.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba idan ana kallon hawan: da wane kuɗi aka yi duk wannan, kuma daga jikin wa ya fito? Rubuce-rubucen matafiyan da suka ga garin da idonsu, da binciken masana tarihi, sun nuna cewa wani kaso na ƙarfin fadar a kan bashi ya tsaya. Wanda ya ci bashin yana cikin Birni, wanda aka biya da shi kuwa yana ƙauye.

Daga ƙauye zuwa Birni

Gidan sarautar ya faro ne a shekarun 1730, daga wani malami da ya fito daga ɓangaren Borno, wanda tarihin baka ya riƙe da sunan Malam. Shi da zuriyarsa sun yi zama a garuruwan da ke gabas da arewa maso gabashin Zinder ta yau, wato shiyyar da Zermu da Damagaram Takaya suke. Tsawon shekara kusan 80 sarautar ba ta wuce ta 'yan garuruwa ba, tana biyayya ga Borno kamar maƙwabtanta irin su Mirya da Muniyo.

Sulaiman ɗan Tintuma ne ya mayar da mazaunin sarautar Zinder a wajajen 1812. Garin yana kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya bi ta Gat da Agadas ya nufi Kano, kuma daga nan ne wata hanyar ke ɓallewa gabas zuwa Borno. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka a Zinder a ƙarshen Disambar 1852, ya kira ta ƙofar shiga ƙasar Sudan, sunan da Larabawa ke kiran ƙasashen kudu da Sahara da shi.

Zamanin ma ya taimaka. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804 ya mayar da Kano, Katsina da Daura ƙarƙashin tutar Sakkwato. Damagaram ta tsaya a wajen wannan daula, a ɓangaren Borno, ta zama mai gadin ƙofarta ta yamma. Zuriyar tsoffin sarakunan Daura da suka koma Zango da Baure sun shiga inuwarta. Garin kansa ya kasu biyu: Birni, inda fada da masu sarauta suke, da Zango, masaukin Abzinawa da fatake da raƙumansu.

Yadda fada ke tafiyar da mulki

Sarautun fadar Damagaram gauraye ne na Barebari da na Hausa. Akwai Ciroma, Galadima, Kaigama da Ballama, ga kuma alƙali da liman da sarakunan sana'o'i. Kuɗin shiga na zuwa ne daga zakkar hatsi, haraji, tara, kuɗin da ake karɓa daga ayari, gaisuwar garuruwan da ke biyayya, sai kuma ganimar yaƙi.

Babbar barazana ga sarki a cikin gida take. 'Ya'yan Sulaiman biyu, Ibrahim da Tanimun, sun shafe shekaru suna karɓe gadon sarauta daga hannun juna, Borno na sa baki. Tanimun ya fara hawa a 1841, ya sauka bayan shekara biyu, sannan ya dawo a farkon shekarun 1850 ya riƙe mulki har rasuwarsa a 1884.

Wanda ya sha irin wannan gwagwarmaya ba ya sakin jiki da ɗan'uwa. Binciken Roberta Ann Dunbar, Ba'amurkiyar da ta yi nazarin tarihin daular, ya nuna yadda bayin sarki da babanni suka riƙa samun manyan muƙamai na soja da na fada a wannan ƙarni. Dalilin a bayyane yake: bawa ba shi da gadon sarauta, darajarsa duka a hannun ubangidansa take. Masanin tarihin Nijar André Salifou, wanda ya wallafa littafi kan Damagaram a 1971, shi ma ya ba zamanin Tanimun muhimmanci har ya rubuta wasan kwaikwayo da sunansa.

Borno kuma ba ta kawar da ido ba. A zamanin da Barth ya zo, akwai wani Sharif al-Fasi zaune a Zinder a matsayin wakilin wazirin Borno, yana lura da abin da ke shiga da fita. Kowace shekara ana jiran gaisuwa a Kukawa, kuma duk lokacin da ta yi jinkiri, an san rigima na tafe.

Tsaron iyaka kafin zuwan taswira

A wancan zamani iyakar sarki ita ce gari na ƙarshe da ke kawo masa gaisuwa. Idan ƙarfinsa ya ƙaru iyakar ta matsa gaba, idan ya yi rauni ta ja da baya. Saboda haka tsaron Damagaram hawa uku ne.

Na farko shi ne garuruwan da aka ci ko suka miƙa wuya, waɗanda ke zama garkuwa tsakanin Zinder da abokan gaba. A zamanin Tanimun, Mirya da Muniyo da wasu masarautun da a da tsararrakin Damagaram ne a gaban Borno sun koma ƙarƙashinta. Na biyu shi ne runduna: mahaya masu lifidi da sulke, dakaru masu kwari da baka, sai 'yan bindiga, waɗanda akasarinsu bayin sarki ne. Tanimun ya sayo bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya sa ana haɗa albarushi a gida, ya kuma sa maƙera suka ƙera masa igwa.

Na uku ita ce ganuwar Birni, wadda aka gina a tsakiyar shekarun 1850. Turawan da suka gan ta a ƙarshen ƙarnin sun ba da labarin katangar ƙasa mai tsayin kusan mita 10 da ƙofofi bakwai. Aiki irin wannan hannun dubban mutane ne ya yi shi, masu haƙa, masu kwaɓa, masu ɗauko ruwa a garin da ruwa ke da wuya har gobe. Akwai labarin baka da ke cewa an binne mutane da littattafai a cikin katangar don ta yi ƙarfi. Ko ma yaya aka yi, labarin na nuna cewa jama'a sun riƙe a ransu cewa ganuwar ta ci rayuka.

Ƙasa da ruwa da gumin talaka a gida ake samunsu. Bindiga kuwa, da kayan haɗa albarushi, da sulke da takobi mai kyau, daga nesa suke zuwa, kuma mai kawo su ba sadaka yake yi ba.

Tambari, kakaki da alkyabba

A Turai, alamar gidan sarauta zane ce da ake yi a jikin garkuwa da tuta da hatimi, mai ɗauke da zaki ko fure ko gaggafa. A Damagaram da sauran ƙasar Hausa da Borno, alamar a kunne ake jin ta, a jiki kuma ake sa ta. Tambari na sarki ne. Kakaki ba a busa wa kowa. Rawani da alkyabba su ne shaidar naɗi, kuma wanda ya karɓe su daga hannun sarki ya amsa cewa yana ƙarƙashinsa. Kayan dogarai na sanar da mai kallo tun daga nesa cewa umarnin fada ne ke tafe.

Aikin da littafin rajista ke yi a wasu ƙasashe, a nan maroƙa da makaɗan fada ne ke yin sa. Su ke riƙe da jerin sarakuna, su san wa ya haifi wa, wane kirari ne na wane gida, wane take ne ba a kaɗa wa wanda bai kai ba. Hatta bangon gidajen Birni, da zanen da magina ke fitarwa a fuskar zaure, na faɗa wa mai wucewa matsayin mai gidan. Wannan gado ne ya sa aka shigar da tsohuwar unguwar Birni da fadar cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO a 2006. Matasan Zinder ma sun san ƙarfin waɗannan alamu, shi ya sa a wasan kara suke kwaikwayon sarakuna da manyan gwamnati da kayan da suka haɗa da karan dawa da na gero.

Duk wannan ado kayan aikin mulki ne. Sarkin da ba ya kyautar doki da riga da alkyabba ba ya daɗewa da mahaya a bayansa. Kuma mafi tsadar kayan kyautar, irin su alkyabbar mulufi, alharini, darduma da turare, raƙuma ne ke ƙetaro Sahara da su.

Bashin sarki

A nan 'yan kasuwa suka shigo. Cinikin Sahara kusan duka a kan bashi yake tafiya. Manyan gidajen kasuwanci na Tarabulus su ba fataken Gadamas kaya, su kuma su kawo Zinder da Kano su ba manya, a jira watanni kafin a biya. Babu mai sayen da ya kai fada, don ita ke bukatar makami da kayan kyauta a lokaci guda. Wuri shi ne kuɗin kasuwa, amma ba ya da amfani a Tarabulus, ga nauyi: a Kano ta 1851 sai an ƙirga wuri kusan 2,500 kafin a sami dalar azurfa ɗaya. Mai bin bashi yana son abin da zai sayar a arewa, kuma a tsakiyar ƙarnin babu hajar da ta kai bawa.

Baturen Ingila James Richardson ya iso Zinder a Janairun 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya yi makonni a garin. A littafin tafiyarsa, wanda aka buga bayan rasuwarsa a hanyar Kukawa cikin Maris na shekarar, ya rubuta cewa bashin 'yan kasuwa ya yi wa sarkin katutu, kuma maganar da ke yawo a gari ita ce zai fita hari don ya biya. Richardson na nan rundunar ta fita ta nufi ɓangaren Korgom, yana nan kuma aka fara shigowa da kamammu, har da mata da ƙananan yara. Ya kuma lura cewa waɗanda ake kai wa irin wannan hari sau da yawa talakawan ƙasar Borno ne, wato mutanen da ya kamata a ce sarautar na kare su.

Wannan ba halin Damagaram kaɗai ba ne. Borno da masarautun daular Sakkwato da Maraɗi duk sun yi yaƙe-yaƙen da bayi ne ribarsu. Haka kuma ba za a mance da cewa ƙarfin Zinder ya kawo zaman lafiya a hanyoyin fatauci ba, ya jawo majema, marina, maƙera da malamai. Bayan Daular Usmaniyya ta haramta cinikin bayi ta Tarabulus a 1857, gashin jimina da jemammun fatu sun riƙa ɗaukar kaso mai yawa na kayan da ake fitarwa, bayi da dama kuma aka zaunar da su a gonaki. Amma tsarin bai sauya ba: a ci bashi a sayi makami, a yi amfani da makamin a samo abin biya, sannan a sake cin wani bashin don a riƙe abin da aka ci. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Bambancin na sarki shi ne ba da gonarsa yake biya ba.

Ingila ma ta bi wannan hanya

Shekara 300 kafin Tanimun, gidan sarautar Tudor na Ingila ya shiga irin wannan rami. Sarki Henry na Takwas, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1547, ya ji tsoron mamaya daga Faransa da daular Sarki Charles na Biyar, sai ya fara gina jerin sansanonin igwa a bakin teku daga 1539. Ya kuma yi yaƙi da Sikotlan a iyakar arewa, ya ƙetara ya ci garin Boulogne na Faransa a 1544. A ɓangaren alamu, tun daga 1530 jami'an sarki ke zagaya ƙasa suna tantance wanda ya cancanci amfani da tambarin gida da wanda ya ƙirƙira wa kansa.

Don biyan kuɗin yaƙi, Henry ya sayar da filayen gidajen ibadar da ya ƙwace tsakanin 1536 da 1540, ya ci bashi mai kuɗin ruwa daga attajiran birnin Antwerp, sannan daga 1544 ya fara rage azurfar da ke cikin kuɗin ƙasar yana cike gurbin da tagulla. Farashin kaya ya tashi, mai ƙaramin ƙarfi ya ji a jikinsa. Boulogne ɗin da aka kashe dukiya a kanta an mayar wa Faransa a 1550, kuma sai a 1560 zuwa 1561, zamanin 'yarsa Elizabeth ta Ɗaya, aka gyara kuɗin.

Hanyar biyan ta bambanta, kuma ba za a haɗa tsadar burodi da kama mutum a sayar ba. Abin da ya haɗa labaran biyu shi ne, a London da Zinder, shawarar cin bashin a fada aka yanke ta, ba a tambayi wanda zai ɗauki nauyin ba.

Ranar Tirmini

Bayan Rabeh ya ci Borno a 1893, Damagaram ta zama mai cin gashin kanta. A shekarar ce Amadu ɗan Tanimun, wanda aka fi sani da Kuran Daga, ya hau mulki. Ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, Gumel kuma ta daɗe tana shan hare-haren Damagarawa.

A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, yana kan hanyarsa ta zuwa wurin Rabeh, abin da fadar ta ɗauka a matsayin shirin haɗa kai a kanta. A ƙarshen Yulin 1899 sojojin Faransa, ragowar rundunar Voulet da Chanoine, suka gwabza da rundunar Damagaram a Tirmini, yamma da Zinder. Bindigogin zamani sun fi ƙarfin na Kuran Daga. Ya janye daga birnin, Faransawa suka shiga ba tare da ganuwar ta tare su ba, kuma a watan Satumba aka kashe shi a Rumji.

Faransawa sun naɗa Amadu ɗan Bassa, sannan a 1906 suka zarge shi da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa. Cikin waɗanda zargin ya shafa har da Malam Yaro, babban attajirin Zango. Riƙon garin ya koma hannun Ballama, ɗaya daga cikin bayin fada, sai a 1923 aka mayar da sarautar gidanta da naɗin Barma Mustafa. Zinder ta zama hedikwatar mulkin mallakar Nijar daga 1911 har zuwa 1926 da aka koma Yamai.

Iyakar ma ta sauya kama. Ingila da Faransa sun yi ta zana ta a takarda daga 1890, kuma tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ta bi ta kafa alamu a ƙasa. Zango da Baure suka faɗa Najeriya, Zinder ta tsaya a Nijar. Wannan layi ne matafiyi ke tsallakawa yau tsakanin Ɗan Barto da Kongolam, shi ne kuma aka rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A duka lokutan biyu, masu ƙananan sana'o'i da direbobi da iyalan da ke da dangi a ɓangarorin biyu ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Bashin yau

Yanzu ba a biyan bashin gwamnati da mutane, amma ɗaukar kuɗi yau a kan hajar gobe bai ƙare ba. A Agustan 2023 kamfanin man Najeriya NNPC ya sanar da rancen dala biliyan 3 daga bankin Afreximbank, wanda za a biya da ɗanyen mai. A Afrilun 2024 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin CNPC na China kan dala miliyan 400, da kuɗin ruwa kashi 7 cikin 100, shi ma a kan ɗanyen mai. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, tana arewa da Zinder, a kan tsohuwar hanyar ayarin Agadas.

Cin bashi don tsaro ko gina ƙasa ba laifi ba ne a karan kansa, kuma ƙasar da ke fama da 'yan bindiga ba za ta zauna hannu rabbana ba. Bambancin yau da zamanin Sarki Ibrahim shi ne mutumin Zermu yana da 'yancin da mutumin Korgom na 1851 bai samu ba. Yana iya tambaya nawa aka karɓo, me aka saya da shi, da me za a biya, kuma shekara nawa za a ɗauka. Matashin da ya jinginar da gonar gidansu don kuɗin motar Agadas ya riga ya san waɗannan tambayoyi, don su mai ba shi bashin ya yi masa kafin ya ƙirga masa ko sisi.

Ganuwar Tanimun ta zaizaye, guntayenta ne kawai suka rage a wasu sassan Birni. Fadar na nan, tambari na nan, maroƙa na jero sunayen sarakuna tun daga Malam. Sunayen matan da yaran da Richardson ya ga ana shigowa da su Zinder a farkon 1851 ba sa cikin kirarin kowa, kuma su ma 'yan wannan ƙasa ne.